Ƙaramar bindiga a ƙarƙashin riga: da wane ma'auni za mu auna ta a Sakkwato?

Tun da hanyar Isa da Sabon Birni ta zama abin da ta zama saboda 'yan bindiga, wata magana ta shigo majalisun 'yan kasuwa da direbobi a Sakkwato wadda a da ba a yin ta sai an waiwaya hagu da dama: shin ba gara mutum ya mallaki 'yar ƙaramar bindigarsa ba, irin wadda ake sokewa a ƙugu a saki riga a kai? Matasa kuma ga waya a hannu, suna kallon Amurkawa suna fito da fistol sabuwa fil daga kwali, a ɗora ta a sikeli, a ƙirga harsasanta, a tafi filin koyon harbi a yi ta ɓarin wuta, daga ƙarshe a yanke hukunci cewa wannan ce ta dace da yawon yau da kullum.

Ba na ganin laifin mai wannan tunani. Wanda ya tuna kasuwar Goronyo a watan Oktoban 2021, inda aka kashe mutum fiye da 40 a yammaci guda, ko matafiyan da aka ƙone cikin mota a Gidan Bawa a Disambar shekarar, ko yadda aka ɗauke Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, a kan hanyarsa ta komawa gida daga Sakkwato a 2024 har ya rasu a hannun 'yan bindiga, ba zai ce mai neman makami ya yi hauka ba. Saboda haka tambayar ta cancanci a zauna a auna ta da gaske. Abin da nake gani shi ne, ma'aunin da masu bidiyon nan ke amfani da shi daidai yake a ƙasarsu, amma tambayar da yake amsawa ba ita ce tamu ba.

Mu fara da abin da su suke aunawa, domin akwai ilimi a ciki. Duk ƙaramar bindiga ciniki ce tsakanin abu biyu da ba sa jituwa: sauƙin ɗauka da sauƙin harbi. Glock 19, wadda kamfanin ƙasar Ostiriya ya fitar a 1988, ita ce aka daɗe ana auna sauran da ita. Tana cin harsashi 15 mai milimita 9, tsawon bututunta milimita 102, in an cika ta nauyinta ya haura giram 850. Wannan nauyi ba komai ba ne a hannu, amma a ƙugu daga asuba zuwa isha'i wani abu ne, shi ya sa aka yi ta neman wadda ta fi ta ƙanƙanta. A 2015 aka fito da Glock 43, siririya, amma harsashi 6 kawai take ɗauka. Sai a 2018 kamfanin SIG Sauer ya kawo P365, wadda kaurinta bai wuce inci guda ba, nauyinta kusan rabin kilo, kuma ga harsashi 10 a cikinta. Ita ta sauya kasuwar, sauran kamfanoni suka bi sawu, kamar Springfield da ya fitar da Hellcat mai harsashi 11 a 2019.

A takarda, ƙaramar ta ci gasa. A hannu kuwa labari ya sha bamban. Harsashin da ke cikin babbar shi ne a cikin ƙaramar, ƙarfin fashewarsa ɗaya ne, to amma ƙarfen da zai shanye girgizar ya ragu, sai hannun mai harbi ya shanye ragowar. Bakin bindigar ya fi yin sama bayan kowane harbi, kafin a dawo da shi saiti an ɓata lokaci. Ƙotarta gajera ce, mai babban hannu ƙaramin yatsansa a iska yake reto. Ga kuma abin da mutane ba su cika lura da shi ba: tazarar da ke tsakanin alamar saiti ta gaba da ta baya. A irin waɗannan ƙanana, kimanin santimita 13 ce. In hannu ya karkace da milimita 2 kacal, wanda ido ma da ƙyar zai gani, a nisan mita 20 harsashin ya kauce da kusan santimita 30. Wato ya bar wanda aka nufa ya tafi neman wanda ke gefensa. Wannan fa a filin horo ke nan, mutum na tsaye cikin natsuwa, ba wanda ke harbinsa.

Sannan akwai cijewa. Fistol mai ɗura kanta da kanta tana dogara ne da girgizar harbin farko wajen tofar da ƙwanso ta ɗauko harsashi na biyu. In riƙon ya yi sako-sako, ko harsashin ya tsufa, ko gidan harsashin ya lanƙwashe a leɓe, sai ta cije. Ƙananan sun fi manyan saurin yin haka domin komai nasu a matse yake. Shi ya sa masu abin ke cewa kada ka amince da fistol sai ka harba ɗaruruwan harsasai da ita, da irin harsashin da za ka riƙa ɗauka, ka ga ba ta tsaya ba. Libarba, mai gidan harsashi da ke juyawa, ba ta da wannan matsala sosai, amma ƙaramarta harsashi 5 take ci, kunamarta na da tauri, sake cika ta kuma aiki ne.

Kunamar ita ce inda ya kamata a fi daɗewa. Yawancin fistol na zamani, irin su Glock, ba su da wani maɓalli a gefe da ake turawa a kulle su. In an ɗana, abin da ke tsakaninta da tashi shi ne jan da bai wuce kilo biyu da rabi ba a kan kunama. Ba ta san bambancin yatsa da makulli ba, ba ta san bambancin yatsa da bakin riga da ya naɗe ya shiga ba. Saboda gudun irin wannan ne rundunar 'yan sandan birnin New York ta yi shekaru tana sa wa jami'anta kunama mai taurin da ya haura kilo 5. Ko manyan kamfanoni ba su tsira ba: a 2017, shekarar da sojan Amurka ya zaɓi P320 ta SIG Sauer, aka gano tana iya tashi in ta faɗi ƙasa ta wata kusurwa, dole kamfanin ya buɗe shirin gyara wa waɗanda suka saya. Don haka ne duk mai hankali a cikin masu wannan sana'a yake cewa bindiga rabin kaya ce, ɗaya rabin shi ne kube mai tauri da ya rufe kunama ruf, da bel mai ƙarfi da zai riƙe kuben a wuri ɗaya.

To a nan ne za mu dawo gida. Duk wannan tsari an gina shi ne a kan mutumin da ke sa wandon jins da bel, yana fita daga gida mai sanyi ya shiga mota mai sanyi, ba mai raɓarsa. Basakkwace kuwa kaftani yake sawa da wando mai mazagi. Mazagi ba ya riƙe rabin kilon ƙarfe. Abin da zai faru a zahiri, kuma kowa ya san haka, shi ne a jefa ta a aljihun gefe. Leƙa aljihun gefen kowane ɗan kasuwa a Kara ko tsohuwar kasuwa ka ga abin da ke ciki: carbi, makullan shago a zobe guda, ɓarin goro, canji, waya ƙarama ta kira. A cikin wannan tarkace za a ajiye abin da kilo biyu da rabi ke tayar da shi, bakinsa na kallon cinya, inda babbar jijiyar jini take, wadda in ta tsinke mutum na iya ƙarewa cikin 'yan mintoci kafin a kai shi asibitin koyarwa. Ya hau kabu-kabu aljihun ya matse, ya sauka rigar ta maƙale, ya tsuguna alwala ta zamo, ya yi sujada ta bugi ƙasa ko ƙafar na kusa da shi a sahu. Sau biyar a rana, kowace rana.

Yanayin garin ma ba ya raga wa ƙarfe. A watan Afrilu zafi na haura digiri 40, gumi mai gishiri na jiƙa duk abin da ya taɓa fata, tsatsa kuma daga nan take farawa. Da hunturu ga ƙura mai laushi da ke shiga ko'ina, ta haɗu da man da aka shafa wa bindigar ta zama wani kwaɓi da ke rage wa sassanta gudu. Soja da ɗan sanda suna da ranar wanke makami da wanda ke duba su. Mai ɓoye tasa a aljihu ba ya ma so a ga ya fito da ita, balle ya kwance ta ya goge.

Rayuwarmu kuma ta cunkoso ce. Wanda ya taɓa fitowa daga Masallacin Shehu ko na Sarkin Musulmi Bello ranar Juma'a ya san babu tazarar hannu tsakaninsa da na gabansa. Harsashin milimita 9 yana ratsa ƙofar langa-langa da zana ba tare da ya ji komai ba, wanda ya kuskure kuma yana iya tafiya fiye da kilomita guda kafin ya faɗi. Addini bai bar wannan ba. Ya tabbata a hadisi cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarci wanda zai ratsa masallaci ko kasuwa da kibau ya riƙe tsininsu don kada ya ji wa wani Musulmi ciwo, ya kuma hana mutum nuna ɗan'uwansa da makami domin bai san ko Shaiɗan zai fizgi hannunsa ba. Haka kuma ya tabbata cewa wanda aka kashe wajen kare dukiyarsa shahidi ne. Masu son riƙe bindiga sukan kawo na ƙarshen su manta na farkon, alhali duka biyun namu ne.

Amma a ce an warware duk wannan, an samu bel, an samu kube. Tambayar da ta fi kowace nauyi ita ce: wa za a tunkara da ita? Ba'amurken da ke auna fistol yana tunanin ɓarawo ɗaya ne ko biyu, a wurin ajiye motoci, a nisan taku uku zuwa biyar, abin da zai ƙare cikin daƙiƙu. Wanda ke tare hanyar Goronyo ba haka yake zuwa ba. Suna zuwa ne a kan babura, goma, ashirin, wani lokaci fiye, kowane da goyo, kuma abin da ke rataye a kafaɗarsu AK-47 ce. Gidan harsashinta 30 yake ci, harsashin na fita da gudun da ya haura mita 700 a daƙiƙa, ninki biyu na gudun harsashin fistol, ƙarfin bugunsa kuwa ya kai ninki huɗu. Tana samun mutum a mita 300, tana ratsa ƙofar mota ta fita ta ɗaya gefen. Fistol a hannun gwani ma, in aka wuce mita 25, sai addu'a. Su ne suka zaɓi wurin, su suka zaɓi lokacin, suna bayan duhuwa kai kana tsakiyar kwalta, a mota cike da mata da yara.

Akwai alƙaluman da ya kamata duk mai wannan sha'awa ya sani. Cibiyar bincike ta RAND ta duba harbe-harben 'yan sandan New York daga 1998 zuwa 2006, ta samu cewa in ana musayar wuta, kashi 18 cikin ɗari ne kawai na harsasansu ke samun wanda suka nufa. Mutanen da aka horar ke nan, ake kuma sake gwada su a kai a kai. Tun 1983 wani jami'in 'yan sanda a Salt Lake City, Dennis Tueller, ya nuna cewa mai wuƙa da ke nisan ƙafa 21, wato kusan mita shida da rabi, zai iya cimma ka cikin daƙiƙa ɗaya da rabi, daidai lokacin da horarren mutum ke buƙata ya zaro bindiga daga kube a buɗe ya harba. Yanzu ƙara masa kaftani da ya sauka har gwiwa, ko babbar riga. Ina ganin harbi ɗaya daga cikin motar haya a irin wancan wuri ba zai kori kowa ba, abin da zai jawo shi ne a buɗe wa motar wuta gaba ɗaya, har da waɗanda ba a yi shawara da su ba.

Duk wannan ma mun yi shi ne kamar doka ta yarda, alhali ba ta yarda ba. Dokar makamai ta Najeriya ta 1959 ce, tun kafin 'yancin kai, kuma ita ke aiki har yau. Ta kasa bindigogi gida uku. Na ƙasa su ne irin adaka da bindigar toka da ake ɗurawa ta baki, kwamishinan 'yan sanda na jiha ke ba da lasisinsu. Na tsakiya su ne na farauta, irin mai baki biyu, lasisinsu na hannun Sufeto Janar. Na sama su ne haramtattu, waɗanda sai da izinin Shugaban Ƙasa, kuma a nan ne mutane da yawa ke mamaki: fistol da libarba suna cikin wannan aji, jeri ɗaya da bindiga mai sarrafa kanta da bam da roka. Hukuncin riƙe ta ba izini ɗaurin da bai gaza shekara 10 ba ne. Harsashin kansa ma sai da lasisi. Sashe na 33 na kundin tsarin mulkin 1999 ya yarda mutum ya yi amfani da ƙarfi daidai gwargwado wajen kare rai ko dukiya, amma wannan bai wanke laifin mallakar makamin ba. Mutum na iya kuɓuta daga tuhumar kisa a ɗaure shi a kan bindigar da ya kare kansa da ita.

Gwamna ma ba shi da ta cewa a nan, domin makamai na cikin jerin abubuwan da gwamnatin tarayya kaɗai ke yi wa doka. Mun ga haka a maƙwabta. A watan Yunin 2022 gwamnatin Zamfara ta Bello Matawalle ta ce jama'a su nemi lasisi, ta ce za a raba fom 500 ga kowace masarauta cikin 19. Ba a je ko'ina ba Babban Hafsan Tsaro na lokacin, Janar Lucky Irabor, ya ce gwamna ba shi da wannan hurumi, 'yan sanda kuma suka ce ba a ɗage takunkumin ba da lasisi ba. A 2023 Sufeto Janar Kayode Egbetokun ya sake cewa an dakatar da bayarwa. A Amurka kuwa, kotun ƙoli ta yanke a 2022 cewa fita da bindiga don kare kai haƙƙi ne na tsarin mulki, kuma fiye da rabin jihohin ƙasar ba sa ma neman wata takardar izini. Mai bidiyon da ake kallo daga can yake magana.

Wannan bambanci na doka shi ke rushe sauran ma'aunin daga tushe. Tunda ba shago, sai bayan fage. Wanda ya saya a bayan fage bai san ko ta kamfani ce ko ƙirar maƙera aka yi wa fenti da tambari ba. Bai san shekarun harsashin ba, bai san ko an kashe wani da ita a Gusau ko Birnin Ƙonni ba, ranar da aka kama shi kuma duk tarihinta a wuyansa yake. Ba filin da zai je ya koyi harbi, ba malamin da zai gyara masa riƙo. Waɗancan ɗaruruwan harsasai na gwaji ba zai harba ko goma daga ciki ba. Ranar da zai fara sanin ko tana tashi ita ce ranar da ransa ya dogara da ita. Kuɗin da ya biya kuwa sun shiga aljihun dillalin da ke sayar wa mutanen daji, domin hanyar ɗaya ce, masu safarar ma su ne dai.

Sai kuma gida, wanda ba a cika kawo shi cikin lissafi ba. Bindigar da ake yawo da ita kullum tana kwana a gida kullum. Gidajenmu ba na mutum biyu ba ne, akwai yara, akwai ƙanne, akwai almajirin da ke shara, akwai matashin da ya san inda Baba ke ajiye komai. Rigar da aka rataye a ƙusa za a shiga wanka, minti biyar ya ishi yaro ɗan shekara shida ya laluba aljihu neman canji. Akwai kuma ranar fushi, ta rikicin gado, ta bashi, ta gardamar fili, wadda da sanda ko baki za a yi ta a rabu, washegari dattawa su sasanta. Wani bincike da Arthur Kellermann ya jagoranta a Amurka, aka buga a 1993, ya samu cewa gidan da ke da bindiga haɗarin a kashe wani a cikinsa ya ninka kusan sau uku, kuma galibi ba baƙo ke kisan ba, na gida ne ko sananne. Wani da aka buga a 2020, wanda ya bi mutum miliyan 26 a jihar Kalifoniya, ya nuna mazan da suka mallaki fistol sun ninka waɗanda ba su da ita kusan sau takwas wajen kashe kansu da bindiga. Amurka ba Sakkwato ba ce, kuma ana iya cewa wasu sun sayi bindigar ne don dama suna cikin haɗari. Amma yadda abin ke aiki ɗaya ne a ko'ina: makami a kusa yana mayar da ɓacin ran minti guda ya zama abin da ba ya gyaruwa.

Na san amsar da za a ba ni, domin ana faɗinta a kowace majalisa: "To mi za mu yi, Malam? Mu zamna a kashe mu?" Wannan magana ba ta da raddi mai sauƙi, kuma ba talaka kaɗai ke yin ta ba. Janar T.Y. Ɗanjuma ya faɗa wa mutanen Taraba a 2018 su kare kansu, Aminu Bello Masari ya faɗa wa Katsinawa irinta yana kan kujerar gwamna. Mutumin ƙauyen da aka ɗora wa haraji kafin ya girbe gonarsa, ya kira waya ba wanda ya zo, yana da haƙƙin ya tambayi dalilin da doka ta ɗaure hannunsa ta bar na maharin a sake. Cibiyar Small Arms Survey ta ƙiyasta cewa a 2017 akwai bindigogi fiye da miliyan 6 a hannun farar hula a Najeriya, mafi yawa ba rajista. Dokar da ta hana mai gaskiya ta kasa hana mugu tana buƙatar a sake duba ta, wannan na yarda da shi ɗari bisa ɗari.

Sai dai a lura da irin makamin da wannan hujja ke kaiwa gare shi. Ƙauyen da ake kai wa hari da dare, in har zai amfana da wani makami, doguwar bindiga ce a hannun mutanen da aka sani, aka horar, suke da shugaba da layin waya zuwa ga sojoji. Fistol ba ta tsare gari. Fifikonta ɗaya ne tak, ba a ganinta, kuma wanda ya fi kowa cin moriyar wannan fifiko shi ne ɗan fashin cikin gari, da mai ƙwacen babur, da ɗan bangar siyasa, da wanda aka aiko kisa. In ta yawaita a aljihunan Mabera da Arkilla da Runjin Sambo, ba Bello Turji ne zai ji a jikinsa ba, mu ne a wurin biki da layin mai da ranar zaɓe. Kada garin gudun gara a faɗa gidan zago.

Ko doguwar ma, in ba tsari, mun ga inda take kaiwa. 'Yan sa-kai sun fara ne da niyyar kare garuruwansu, amma kisan da aka yi wa Fulani a kasuwar Mamande ta Gwadabawa a Oktoban 2021, wanda aka ɗora musu alhakinsa, yana cikin abubuwan da suka rura wutar ramuwar gayya a gabashin jihar, har gwamnatin Aminu Waziri Tambuwal ta haramta ƙungiyar. Rundunar tsaron al'umma da Gwamna Ahmed Aliyu ya ƙaddamar a 2024, kamar takwarorinta na Katsina da Zamfara, yunƙuri ne na mayar da wannan ƙarfi ƙarƙashin doka. Ko za ta yi nasara ya danganta ne da abubuwan da ba sa fitowa a hoton ranar ƙaddamarwa: ana biyan su a kan lokaci, an tantance su waye, an ɗauki Bafulatani da Bagobiri da Ba'adare ba ɓangare ɗaya ba, kuma in ɗayansu ya harbi wanda bai ji ba bai gani ba, akwai kotun da zai gurfana.

Akwai dai waɗanda ƙaramar bindiga aikinsu ce a garin nan, kuma doka ta ba su: jami'an farin kaya, 'yan sandan ciki, masu tsaron lafiyar manya. Su ne ma'aunin masu bidiyo ya shafa da gaske, kuma a ganina su ma bai kamata ƙanƙanta ta ruɗe su ba. Matsakaiciya irin Glock 19, wadda hannu ke cikawa, ta fi 'yar mitsitsiya amfani ga wanda zai iya harbi cikin jama'a, domin kowane harsashin da ya kauce yana da inda zai sauka. Sau da yawa za ka ga jami'i a bayan wani babba a wurin ɗaurin aure, fistol a soke a bayan wando ba kube, ƙota a waje, yara na gilmawa ta bayansa. Hukumar da ta ba shi bindigar ita ya kamata ta ba shi kube mai rufe kunama, ta ware masa harsashin atisaye a kai a kai, ta sa ya koyi zarowa cikin irin kayan da yake sawa wurin aiki, ba cikin kakin fareti ba, ta kuma ba shi akwati mai makulli da zai ajiye ta in ya koma cikin iyalinsa.

Ga sauran jama'a, inda ya kamata a kai ƙarfin muhawarar shi ne kan 'yan majalisar tarayya da muka tura Abuja daga Sakkwato ta Gabas da sauran mazaɓu. A 2024 Shugaba Tinubu ya sa hannu a dokar da ta ba cibiyar kula da ƙananan makamai ta ƙasa cikakken iko, amma dokar 1959 na nan da tsarin lasisinta da ake buɗewa a rufe da sanarwar baki. A sake rubuta ta yadda manomin Gatawa ko Tangaza zai san ƙa'idar neman lasisin bindigar farauta, nawa zai biya, wa zai tsaya masa, kwana nawa zai jira, wane horo zai yi kafin a miƙa masa, kuma in an hana shi a gaya masa dalili a rubuce. A yi rajistar da za a iya bin kowace bindiga da lambarta, a riƙa ƙirga harsashin da aka bai wa 'yan tsaron al'umma ranar fita da ranar dawowa, hakimi da DPO su sa hannu. Fistol kuma a bar ta a ajin da take.